Abin da Ya Fitar da Baba daga Sahun Gaba

Tun ina ƙarama na san inda Baba yake tsayawa a masallacin layinmu a unguwar Nima: sahun gaba, dama da liman. Tela ne, ba malami ba, amma ko ɗinkin Sallah ya taru masa, ladan na buɗe baki zai sauka daga kan keke. Kwatsam sai ya koma yin salla a ɗaki. Wasu suka ce ya yi faɗa da liman, wasu suka ce ya sauya aƙida. Mutanen Zongo kuwa, ba su magana ɗaya su dawo maka da goma.

Mu a gida mun san ciki ne. Yau ya kumbura kamar ganga, gobe gudawa, jibi ya ɗaure. Mun je asibitin gwamnati ba sau ɗaya ba, kuma ban ga laifin ma'aikatan ba, jama'a ce ta yi musu yawa. Sai dai labule kawai ke tsakaninka da mai jiran layi, ita kuwa ba mamaki maƙwabciyarka ce. Ga shi Baba ba ya jin Turanci, Twi ɗinsa, yaren garin, na ciniki ne, ni ce mai fassara. Ni kuwa 'yar fari ce, ko sunana ba ya faɗa don kunya. Likita ya yi tambaya, Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ce mishi ciki ne kawai." A ba mu magani mu dawo, gobe ma haka.

Da na ce mu gwada wani asibitin kuɗi a unguwar Kanda, ƙanena ya yi tsalle ya dire.

"Sista, wurin nan sanyin na'ura kawai suke sayarwa. Ka shiga, su auna ka, su ce babu komai."

Rabin maganarsa gaskiya ce. An ɗebi jini, an duba bayan gida, an haska cikin, ba a ga komai ba. Likitan dattijo ne ɗan arewa, yana jin Hausa. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya ce, "Ke ce babbarsa?" Na ce ni ce. Ya ce in jira a waje, ya tashi da kansa ya rufe ƙofa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na kawo shi, ni na biya, ni aka kora. Na zauna ina cika ina batsewa har ƙafata ta yi sanyi.

Da aka kira ni, bayanin bai da yawa. Hanjin Baba ne mai saurin tashi. Ciwon ba ya kisa, ba ya kuma rabuwa da mutum gaba ɗaya. A rage wake da albasa da madara, a lura da wanda ya fi tayar masa, a rage masa damuwa. A trotro, motar hayar da muka hau zuwa gida, na yi ta tunanin dariyar da ƙanena zai yi mini.

Mama ce ta gaya mini sauran, bayan shi ya gaya mata. Ashe iska ce ke kufce masa ana tsakiyar salla. Mutumin sahun gaba kuwa, in alwalarsa ta karye, sai ya ratsa kowane sahu a idon jama'a kafin ya kai ƙofa. Ya yi haka har ya kasa. Ya zauna a ɗaki yana zaton Allah ne ya kore shi daga wurinsa. Da na ji, kuka na yi. Sau nawa ina tsaye kusa da shi ina fassara "ciki ne kawai"?

Likitan ne ya ce masa wannan ɓangaren ba nasa ba ne, ya je ya tambayi malami. Baba ya daure ya sami liman a keɓe. Liman ya yi masa faɗa sosai kan shirun da ya yi, sannan ya nuna masa sauƙin da addini ya yi wa mai irin wannan lalura.

Cikin bai warke ba. Har yanzu akwai ranar da Baba ke wuni a kwance, ƙanena kuma yana nan kan bakansa cewa ba mu sayo komai ba a Kanda. Ba na musu da shi. Ran nan da magariba muna dawowa daga kasuwa, na ja hannunsa zuwa ƙofar masallaci. Takalma sun yi tuli har bakin kwata. Can ciki, jikin bango, inda masu zuwa da wuri ke ajiye nasu, na nuna masa tsofaffin silifas ɗin Baba.