Hannun Ƙofar Baba Sufana

Auta tun tana ƙarama ba ta da aiki sai kwance abu. Rediyo, agogon bango, fitila, duk abin da ke da noti sai ta ga cikinsa. Uwarta, Allah ya jiƙanta, ta yi faɗa har ta gaji. Uban kuwa daɗi yake ji, don shi makanike ne, 'yan gareji ma Baba Sufana suke ce masa. Noti in ya ɗaure shi, sai ƙarti sun taru kafin ya kwance. Da Auta ta girma ta zama tela, kekenta bai taɓa zuwa wurin mai gyara ba, na maƙwabta ma ita ake kawo wa.

To, sai Allah ya jarrabi Baba da shanyewar ɓarin jiki. Ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, yana takawa da sanda, amma hannun dama ya daina aiki, na hagun ma ba kamar da ba. Ga hannun ƙofar ɗakinsa irin mai zagayen nan ne da ake murɗawa, ya yi tauri kamar an zuba masa siminti. Ran nan aka kira azahar, Baba ya murɗa, ya murɗa, ƙofa ta ƙi. Shi kuma ba ya iya buɗe baki ya ce a taimake shi. Yana ciki har la'asar ta kawo jiki.

Da babban ɗansa ya ji, ya ce, "Ƙofar nan cire ta za a yi, a rataya labule."

Baba ya ce, "Labule? Shagon aski ka mai da ni? Ƙofar da na kafa da hannuna?"

Auta ta ce, "Yaya, ka bar min ita."

"Ke Auta, wannan fa ba keken ɗinki ba ne. In ya sake maƙalewa a ciki, ranar zan zo da kafinta."

Nan take Auta ta ɗaure gyale a ƙugu. Da ƙyar ta kwance sukurori, ta zaro hannun ƙofa, sai ga wani baƙin danƙo cunkus a ciki. Ashe matar Yaya ce ke ɗiga masa man girki duk sanda ya yi ƙara, ƙura kuma ta bi man ta daskare.

Auta ta dube ta ta ce, "Anti, miya kike kaɗawa a nan ciki?"

"Ke dai yi aikinki, uwar iyayi."

Auta ta wanke ƙarafunan da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ta kankare tsatsa, ta ɗiga man keke kaɗan, ta mayar da komai wurinsa. Da ɗan yatsa ɗaya ta taɓa, ƙofa ta buɗe. Har rawa ta taka a tsakar gida, Baba yana sa mata albarka.

Ba a jima ba, wata safiya matar Yaya ta bugo mata waya. "Ƙofa ta sake ƙi, da kafaɗa na buɗe wa Baba. Yayanki ya tafi nemo kafinta."

Auta ta bar ɗinki a kan keke, ta fita da takalmi wari da wari. Tana shiga gidan ta yi turus. Ga Baba tsaye jikin ƙofa, ya danne sukundireba da ƙirji, ya kama shi da filaya yana juyawa, gumi na zuba.

"Baba, me kake yi?"

"Aikinki nake ƙarasawa. Kin bar sukurori suna rawa. Kullum sai na ƙara musu."

Sai ta dafe kai, dariya ta kusa kayar da ita.

"Baba, wannan ba tayar mota ba ce. In ka matse shi haka, ƙarfen tsakiya shaƙewa yake yi, ba ya samun wurin juyawa. Kai ne ke kulle kanka."

"Ni za ki koya wa noti? Ina ɗaure noti uwarki ba ta san za ta haife ki ba."

"Allah ya huci zuciyarka. To, sassauta da hannunka, kaɗan kawai. In bai yi ba, ni zan ɗinka labulen."

Baba ya daɗe yana hararar sukurorin nan. Mutumin da bai taɓa barin noti sako-sako ba a rayuwarsa. Ya yi bismilla, ya ja filaya baya kamar ana cire masa haƙori. Ya kama hannun ƙofa da hagu, ya murɗa. Ƙwas, harshen ƙofa ya shige. Ya sake murɗawa, ya sake, fuskarsa na washewa.

Ana cikin haka sai ga sallamar Yaya, kafinta na biye da guduma. Baba ya shiga ɗaki ya rufe, ya buɗe ya leƙo, ya rufe, ya buɗe.

Sannan ya ce, "Kafinta, sannu da hanya. A ba shi ruwa ya sha, ya koma."

Yaya ya gwada da kansa, ya dubi Auta, ya sosa ƙeya. "To, ƙofa ta zauna."

Auta ta ce, "Ƙara faɗa, Yaya, kunnen nan bai ji ba."

Tana gyara gyale za ta koma kan ɗinkinta, Baba ya kira ta gefe, ya danƙa mata sukundireba da filaya, ya rage murya.

"Tafi da su gidanki, 'yar albarka. In suna nan, hannuna ƙaiƙayi yake."