Akurkin Salomi Barla

Duk wanda ya bi ta bayan cocinmu a Semartoli zai ga wani akurki tsaye kan ƙafafu huɗu, kusa da kangon wani ɗaki. Yaran yanzu suna ce masa akurkin Patras. Ba na Patras ba ne. Salomi Barla ce ta gina shi da hannunta, kuma muddin ina numfashi ba zan bari a sauya masa suna ba.

An kawo Salomi garinmu amarya ina ɗan makarantar mishan, zamanin da muke tafiya da allon dutse a hammata. Kayanta ba su da yawa: tukunyar tagulla, tabarma, da wata baƙar kaza da uwarta ta sa mata a kwando. Duk kajin da ta kiwata a rayuwarta jikokin wannan kazar ne. Mijinta Alois ya rasu da wuri. 'Yarsu ɗaya tilo ta bi miji zuwa gonakin shayi na Assam, ba ta sake dawowa ba. Aka bar Salomi da kajinta.

Mu kajinmu a ko'ina suke kwana: kan mangwaro, ƙarƙashin keken shanu, bayan rumbun shinkafa. Wanda dila ya bari muzuru ya ɗauka, mu ce haka Allah ya so. Salomi ba ta yarda da wannan ba. Ta kafa akurkinta da gora, ta ɗaga shi daga ƙasa har ƙirjin mutum. Kowace ƙafa ta kifa mata gwangwani, don in tunku ya hau ya zame. Bangon ta yaɓe shi da laka da kashin shanu, ta bar 'yan kafofin iska can sama ƙarƙashin jinka, waɗanda kan maciji ba zai shiga ba. Daɓen toka ne da ƙaiƙayi, tana kwashewa tun bai yi danshi ba.

Da rana ta kusa faɗuwa sai ta kunna busasshen ganyen darbejiya a kasko, ta zagaya akurkin da shi don hayaƙin ya kori ƙuma da sauro. Sannan ta tsaya gindin ɗan tsanin da ta jingina wa akurkin, tana kiran kajin da sunaye.

"Hau mana, Sarauniya, sai an roƙe ki? Kai kuma Ɗan Sanda, rage baki, ba kai ka gina ɗakin ba."

Maƙwabcinta Patras Toppo yakan leƙo ta kan shinge. "Inna Salomi, saura ki saya musu gidan sauro!"

"Ka ba ni naka mana, ɗana, tunda kai a gindin tukunyar giya kake kwana."

Kowa ya yi dariya, har shi. Haka muka zauna shekara da shekaru.

Sai wata shekara, a ƙarshen damina, Patras ya sayo kaji masu araha a kasuwa ya sake su cikin gari. Ba a jima ba suka fara murɗe wuya suna faɗuwa. Cutar ta bi gida gida. Salomi tana ganin gawar farko ta kulle nata a akurki, ba fita, tana kai musu ruwa da tsaki, ta kuma hana kowa kusantar wurin. Da annobar ta wuce, zakaranta kaɗai ke cara a Semartoli.

Daga nan dariya ta ƙare. Patras da wasu maza suka tafi wurin wani boka a ƙauyen gaba. Bokan ya shafa mai a ganye, ya ƙura masa ido, ya ce yana ganin tsohuwa da wuta a hannu, tana zagaye da yamma tana kiran sunaye. Wane ne a kewayen nan bai san wannan ba? Ko mai sayar da gishiri ya sani. Kuma waɗannan mutane ne masu baftisma, da ke buɗe baki ran Lahadi suna waƙa har jinka ta girgiza!

Aka tara gari a gindin tsamiya. Aka zaunar da Salomi a ƙasa, ita kaɗai a tsakiya. Mai gari Junas ya ce ta yi bayani.

"Baba, ina rufe su ne kawai. Hayaƙin na ƙuma ne."

Patras ya miƙe. "Na ƙuma! To me ya sa nawa suka mutu, naki ko atishawa babu?"

"Naka a kwata suke kwana, Patras."

"Kun ji ko? Har ta san inda suke kwana!"

Lokacin ina koyarwa a makarantar gari. Na ce musu cuta daga kaza take tsallakawa zuwa kaza, wadda aka killace ta tsira. Patras ya ce, "Malam, koma ka lallashi yaranka. Wannan maganar manya ce." Aka yi shewa.

Hukuncin da suka yanke shi ne ta yanka kajin duka, ta dafa da shinkafa, ta kawo giya, gari ya ci a wanke ta. In ta ƙi, ta bar garin. Ku duba fa: naman da suka ce na maita ne, shi suke neman a zuba musu a ganye su lashe yatsa.

Salomi ta tashi a hankali, ta kaɗe zanenta. "Kazar uwata ce. Ba za ta shiga cikin Patras ba."

Da safe ta zuba kajin a kwanduna biyu, ta rufe da tsumma don kada rana ta dame su, ta rataya a sanda, ta saɓa a kafaɗa. Tukunyar tagulla tana kanta. Matan da ta karɓi haihuwarsu suka tsaya a ƙofa suna kallo, ba wadda ta ce a sauka lafiya. Na raka ta bakin kogi. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Malam, na bar ƙofar akurkin a buɗe, ya sha iska." A garin ƙanenta ta ƙarasa kwanakinta. Ba ta sake taka Semartoli ba.

Ɗakinta ya rushe, don ba wanda ya yarda ya shiga. Akurkin kuwa, kafin damina ta zagayo Patras ya zuba sababbin kajinsa a ciki. Wata yamma na wuce na ga matarsa tana zagaya shi da kasko, hayaƙi na tashi.

Na ce, "Patras, ba ka tsoron maita?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Haba Malam, ai ganyen darbejiya ne kawai."