Madam da Janaretan Chukwudi

Ga ta can a shagon intanet na Chukwudi, doguwa kamar falwaya, tabaranta ya yi kaurin gindin kwalba. Wai daga Turai ta zo hutu, tana koya wa kwamfuta tsinto wata ƙwaya da ta fi zarra ƙanƙanta daga tarkacen gwajin masana. Aiki ya kusa ƙarewa, janareta ya fara tari.

Chukwudi ya ce, "Madam, ba mai. In ya mutu, sai ki koma farko."

Ta fita, ta zuƙo man babur ɗinta da tiyo, ta ɗura wa janaretan. Kwamfuta ta ci jarrabawarta. Yanzu ga Madam tana tura babur gida, baki na warin fetur, tana ɗaga wa mutanen garin Zuru hannu kamar ta ci zaɓe.