Mussar Inna

Ni ɗan fari ne, Innarmu kuma mai riƙon al'ada ce ta ƙin ƙarawa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, in na gaishe ta sai ta amsa tana duban bango. Ana yaye ni aka kai ni ƙauyen Alelu wurin kakata, can na tashi. Ƙannena su hau cinyarta su yi ta ƙiriniya, ni kuwa in na zo hutu "wancan" ne sunana. Kunyar ɗan fari ke nan, ba wanda ya ga laifinta, ni ma ban gani ba. Amma abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, aka ce ma'aikata kowa ya koma gida, sai na kwaso iyalina daga Sakkwato. Aka tura ni koyarwa Maiyama, na kama haya a Jega. Lokacin Baba ya riga ya rasu, ƙannena mata suna ɗakunansu, namijin kuma yana kai albasar Aliero kudu, sai a yi wata ba a gan shi ba. Inna na gidanmu na Jega Magaji, ita da matar ƙanen nawa da wata tsohuwar kyanwa mai ruwan toka. Mu a wajenmu mussa muke cewa, iyakar sunanta ke nan.

Ranar da na fara shiga gaisuwa, na durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda na saba. Sai na ji Inna ta ce, "Mussa, gaya mishi ya rame. Ko can Sakkwato ba su cin tuwo na?" Na waiga in ga da wa take. Ba kowa, sai kyanwar nan kwance a gefen tabarma tana lasar ƙafa. Na haura shekara talatin a duniya, ranar na fara jin uwata ta yi maganar jikina.

Haka muka ci gaba. Kullum da safe kafin in hau babur zuwa Maiyama sai in biya, ita kuma ta yi ta ba mussa saƙo. Ki ce mishi shi bar gudu da mashin. Tambaye shi ya jikin maiɗakinshi. Ni dai "to" nake cewa, ko "da sauƙi", kaina a ƙasa. In buɗe baki in yi wa kyanwa magana, ƙato da ni, malamin makaranta? Allah ya kiyaye.

Sai mussa ta fara ciwon baki. Yawu na dalala, dadashinta ya yi ja, ga wari. Ta zo wurin abinci da yunwarta, ta sa baki, ta yi ƙara ta ja da baya. Kafin ka ce me ta zama ƙashi da fata. Inna ta jiƙa mata sassaƙe, ta tofa mata addu'a, shiru. Wata safiya ta ɗora ta a cinya ta ce, "Mussa, in kin tahi, da wa za ni zance?" Ni na san amsar. In kyanwar nan ta mutu, na koma "wancan".

Ranar kasuwa na je shagon wani likitan dabbobi. Na tarar da shi cike da Fulani masu sayen maganin shanu, har da mahaifin wani ɗalibina. Da layi ya zo kaina, bakina ya ƙi furta kyanwa. Na ce ɗan akuya ne ke ciwon baki. Likita ya tambaya ko yana cin dusa, na ce ba ya ci. Ciyawa fa? Na ce ai shi kifi ya fi so. Ya ɗago ya dube ni. Duk da haka ya miƙo wata ƙwaya kamar babban yatsana, ya ce in ɗura masa. Na dubi ƙwayar nan, na tuna wuyan mussa, na ga kisa zan yi da hannuna. Na ce a hankali, "Likita, mussa ce."

"Mi kac ce?"

"Mussa!"

Shago ya ɗauki dariya. Wani dattijon Bafillace har da riƙe sanda kada ya faɗi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Likitan dai ya gimtse tasa, ya ce ba ya ba da magani sai ya ga marar lafiya.

Washegari na sa ta a kwandon kaji, na rufe da buhu, na ɗaure a bayan babur. To, rufewar me? Tun daga ƙofar gida take tsala ihu, muka ratsa tasha, muka wuce rumfar mahauta, kowa na waiwaye. Likita ya buɗe bakinta, ya girgiza kai. Ya ce wannan ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa har iyakar kwananta. Ya yi mata allura, ya ba ni ƙwayoyi ƙanana da zan riƙa ɓantara ina ba ta, ya ce abinci sai mai laushi. Ya kuma ja mini kunne: kada tausayi ya sa wani ya ba ta farasitamol, guba ce a wurin kyanwa.

Daga nan na zama ma'aikacinta. In sayi hanta, a dafa ba gishiri ba yaji, a dame ta da romo har ta yi kamar kunu. Ran da ba hanta, busasshen kifi, in zauna in tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya. Mahaucin da nake saye wurinsa, wani mai baki kamar reza, da ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Malam, ya jikin ɗiyar taka? A yanko mata mai taushi ko?" Labari har Maiyama. In shiga aji in juya ina rubutu a allo, sai in ji "miyau" daga baya. Na zane wasu, ban ma tabbata su ne ba.

Maganin shi ne yaƙi. Na daka ƙwayar na cusa a hanta, 'yar banza ta cinye gefe ta bar mini wurin da maganin yake. Na matse bakinta na tura, ta yi kamar ta haɗiye, ina juya baya ta tofar. Hannuna duk yaƙushi. Ranar da ta tsaga mini yatsa na ɗaga takalmi, sai na ji Inna ta ce, "Yi haƙuri mussa, zuciya gare shi, ta ubanshi ce." Na ajiye takalmin.

Inna ce ta kawo dabara. Ta naɗe mussa a tsohon zane, kai kawai a waje, ta rungume. Ni kuma in narka maganin a ruwa, in zuƙa da sirinji marar allura, in ɗiga ta gefen baki. Dole sai na matso har gwiwata na taɓa tabarmarta. Ban taɓa zama kusa da ita haka ba. Ina jin ƙamshin man kaɗanya a hannunta, ina ganin jijiyoyin hannun, kunya kamar ta kashe ni, ita ma ta kau da kai. Wani lokaci a gama ba da maganin, ba wanda ya motsa. A irin wannan zaman ne ta ba mussa labarin ranar da aka tafi da ni Alelu, yadda ta shige bayan rumbu ta toshe baki da gyale don kada a ji ta.

Damina biyu muka yi a haka. Wani lokaci bakin ya lafa har mussa ta yi ƙiba, wani lokaci ya tashi mu koma wurin likita. Daga baya ta daina karɓar ko romo, sai ruwa. Wata safiya matar ƙanena ta tare ni a zaure ta ce mussa ta mutu, har an gina rami bayan gida an rufe.

Ga hanta a hannuna cikin leda. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofa, wurina na dā. Na gaishe da Inna, ta amsa wa bango. Kaskon da mussa ke ci yana gefen tabarma, an wanke shi an kife. Na jira, ba saƙo. Inna na ta murza bakin zanenta. Na ga in na tashi yanzu, shi ke nan, an rufe ƙofar.

Matar ƙanena na tsakar gida tana jin mu. Na dubi kaskon nan, na ce da wata murya da ban san ta ba, "Mussa, gaya mata gobe ma ina tahe."

Inna ta miƙa hannu ta birkice kaskon, ta gyara masa zama.

"Ce mishi shi matso," in ji ta. "Nan da nisa, ba ni jin shi."