Gwiwar Baba da Tafiyar Kwana Uku a Keke

Babanmu tela ne. Shekara arba'in ke nan yana zaune a shago ɗaya, gaban keken ɗinki ɗaya, tef rataye a wuya, allurai soke a bakin aljihu. Gajere ne mai ɗan tumbi, mai yawan raha, kuma bai taɓa yarda akwai abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ni ce 'yarsa ta biyu. A sashen gashin ƙashi na wani asibiti nake aiki, shi ya sa yake ce mini Likita, duk da na gaji da gaya masa ni ba likita ba ce.

Wata rana na zo gida da takardar sanarwa. Asibitinmu ya shirya tafiyar keke ta kwana uku, kilomita ɗari biyu da arba'in, don a tara gudummawar saya wa majinyata keken guragu. Na ajiye ta a kan tebur na shiga wanka. Kafin in fito, Baba ya rubuta sunansa.

Na ce, "Baba, shekarunka hamsin da tara fa."

Ya ce, "To sai me? Tun ba a haife ki ba nake taka keke."

Mama ta leƙo daga kicin. "Malam, ai wancan keken ko bakin ƙofar shago bai taɓa kai ka ba."

Bai kula ta ba. Washegari ya je wurin abokinsa mai gyaran keke, ya sayi wani na hannu, ya hau ya miƙi titi ba tare da ya gaya wa kowa ba. Kilomita talatin ya yi. Da ya dawo, shi ke tura keken, ƙafafu a warware kamar wanda aka sauko da shi daga kan raƙumi. Gwiwar dama ta kumbura suntum. Zama kuwa ya gagara. Kwana uku a tsaye yake cin abinci, kuma duk wanda ya zo shago ya tambaya, sai ya ce kujerar ce aka kai gyara.

A rana ta huɗu ya kira ni da wata murya mai laushi da ban san yana da ita ba. "Likita, zo ki duba mini wannan gwiwar, ba don tana ciwo ba."

Na ɗora masa ƙanƙara a cikin tawul, na ce sai ya yarda da sharaɗina kafin ya sake taɓa keken. Saura wata huɗu a yi tafiyar. Zai fara da kilomita biyar, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan duk mako. Kwana biyu a mako hutu ne, ko kallon keken ba zai yi ba. Zai sa hular kwano, zai sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama shi. In kuwa ya ji gwiwa ta yi masa suka kamar allura, to ya sauka nan take.

"Kilomita biyar? Ai ko zuwa sayen zare na fi haka."

"To zauna mu gani," in ji Mama, ta turo masa kujera. Ya kalli kujerar, ya ce ya amince.

Muka koma wurin mai gyaran keke. Ashe sirdin ya yi ƙasa sosai, gwiwar ba ta samun miƙewa, ita ke shan duk wahalar. Aka ɗaga shi da yatsa uku. Baba ya ce dama shi ma ya lura, bai dai so ya kunyata abokinsa ba ne.

Miƙe jijiyoyi ne ya fi ba shi haushi. Na koya masa ya ɗora diddige a kan abu mai tsayi, ya sunkuya a hankali, ya ƙirga talatin. A shago yake yi, a kan teburin yanka. Wata safiya wata mata ta shigo karɓar ɗinkinta, ta tarar da shi ƙafa a sama, fuska a murtuke, yana ƙirge. Ta tsaya cak. Bai ko ɗago ba ya ce, "Hajiya, ki ɗan jira, saura goma sha ɗaya."

Matsalar zama kuwa da kansa ya magance ta. Ya yanko soson da yake sa wa kafaɗar kwat, ya ɗinke shi cikin gajeren wando. Na farko ya yi tudu har Mama ta ce kamar ya goya matashin kai. Na uku ya fito daidai. Kafin wata biyu, rabin masu atisayen tafiyar sun zo an auna su, har da babban likitanmu, wanda ya roƙi kada a gaya wa kowa.

Ranar tafiya, ni ina cikin motar agaji da ke bin ayarin a baya. Kwana na farko Baba ya tafi a natse, matasa suna ta wuce shi fuu. Kwana na biyu muka tarar da ɗayansu, wani lauya dogo, kwance a gefen titi jijiyar ƙafa ta ɗaure. Kafin in sauko da jakata, Baba ya riga ya kama ƙafar yana turawa, yana yi masa faɗa. "Ruwa nawa ka sha tun safe? Ƙirga talatin!"

A kwana na uku, saura kilomita ashirin, aka zo wani hawa mai tsawo. Daga cikin mota na ga yana karkata gefe ɗaya. Na ɗauka zai nace ya ci gaba, don na san halinsa. Sai kawai na ga ya taka birki, ya sauka, ya tsaya yana jiranmu.

Ya ce, "Ta soke ni. Sau biyu."

Muka ɗora keken a bayan mota. Ya zauna kusa da ni, ƙanƙara a gwiwa, ya juya fuska wajen taga. Na riƙe hannunsa, bai janye ba. Saura kilomita ɗaya na sake duba gwiwar, na ce zai iya takawa da ƙafa. Ya sauka ya tura kekensa har wurin ƙarshe. Lauyan nan ya hango shi, ya dawo da baya ya sauka daga nasa, suka shiga tare ana ta tafi.

Bayan mako guda gwiwar ta warware sarai. Wata Asabar ya same ni a tsakar gida ya ce, "Wai ke, duk wannan dokar da kike kafa mini, kin ma iya keken?"

Na sosa ƙeya. Ban iya ba.

Yanzu duk Asabar da safe muna bayan layinmu. Ni da shekara talatin da huɗu ina tangal-tangal a kan keke, shi yana biye da ni da ɗan gudunsa yana ihu, "Gabanki za ki kalla, Likita, ba ƙafarki ba!" Mama kuwa takan fito da kujera bakin ƙofa, wai ita shan iska ta zo yi.