Shekarar da Malam Ya Yi Ta Barci

Mijina kafinta ne. Shekararmu uku da aure muka kama haya a Tudun Wada, gida mai ɗaki biyu da zaure, katangarmu ɗaya da kantin wani mutumin Gabas mai sayar da ƙusa da fenti da kananzir. A zauren nan Malam yake aiki. Ni ina cikin gida, amma kunnena yana wajensa. In na ji zarto na san yana yanka, in na ji guduma na san ya kai ga haɗi, in na ji ya yi gyaran murya na san baƙo ya zo, sai in ɗora ruwa.

Wani rani ya bi masu tsaga katako zuwa kurmin kudu, don a can ake samun maɗaci mai kauri. Ya yi wata biyu. Ya dawo ya rame, ya yi baƙi, amma bakinsa cike da labari. Da la'asar in ya tashi aiki sai ya zauna a tabarma, ni ina tsince shinkafa, ya yi ta ba ni. Ya ce akwai wani rafi a can wanda rana ba ta taɓa ganin ruwansa ba, don itatuwa sun haɗa kai a samansa. A nan ya ga mazo ya zo shan ruwa, ja ne, da zane-zanen fari a jiki kamar an shafa masa alli. Ya ga garken ɓauna sun ƙetare gabansu, ƙasa tana rawa. Ya ga gwanki ya tsaya ya dube shi ido cikin ido, kamar zai tambaye shi daga wane gari yake. Abin da ya dame su kawai, in ji shi, wani ƙuda ne mai cizo kamar allura, ko ta cikin riga sai ya same ka.

Ni da ban taɓa wuce unguwar Kwangila ba, sai in rufe ido in ga rafin.

Da damina ta sauka ya yi zazzaɓi da ciwon kai, ya sha saiwa, ya warke. Ya sake yi, ya sake warkewa. Haka muka ci shekara, ba mu ɗauke shi komai ba. Sai a damina ta biyu na fara jin wani abu da ban saba ji ba, wato shiru. Zarto zai kama aiki da hantsi, ya ja sau biyar, sau shida, sai ya tsaya a tsakiyar katako. In leƙa in tarar da Malam ya kifa kai a kan teburin aiki, garin katako a gemunsa, yana barci kamar jariri. Wata rana ya ɗauko lomar tuwo, kafin ta kai baki barci ya ɗauke shi, miya tana bin hannunsa.

Zan faɗi gaskiya, farkon abin bai ba ni tsoro ba. Nakan shimfiɗa masa tabarma a inuwar gwandar tsakar gida, in zauna ina yi masa fifita. Gari ya yi tsit, sai kukan kurciya da ƙarar keken ɗinki daga can nesa. In ya farka sai ya dube ni da wani irin murmushi ya ce, "Kin ga rafin nan? Ashe ta ƙarƙashin zaurenmu ya bi. Yanzu mazo ya shigo ya yi sallama, na ce ya jira ki kawo masa ruwa a ƙwarya."

In ce, "Sai ya sha?"

Ya ce, "Ya sha. Ya ce a gaishe ki."

Na so mafarkan nan. Har nakan ƙosa ya farka in ji inda ya je. Wata rana ya hau bayan gauraka sun bi ta kan tashar jirgin ƙasa, wata rana katakon da ke zaure duk sun yi ganye sun koma itatuwa. Ina ji ina ganin kamar ni ma an buɗe mini wata ƙofa.

Daga baya abin ya sake kama. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya yi jifa da kwano don ruwan bai yi sanyi ba, sannan ya zauna yana kuka. Aka kai shi gaisuwar mutuwa ya fashe da dariya a tsakiyar mutane. A masallaci ya yi sujada bai ɗago ba har aka sallame. Masu ba shi aiki suka ja jiki. Na fara jin labarin mata a bakin famfo suna rage murya in na aika a ɗebo mini ruwa, maganar tana dawo mini: kafinta ya taɓu, iskokin kurmi sun biyo shi.

Mai kantin nan bai guje shi ba. Kullum yakan ajiye masa benci a gaban kanti, in ya farka su yi hira, in ya yi barci ya kore masa ƙuda da jarida. Yana karɓar jaridun Ikko, yana kuma son maganar duniya. Wata rana Malam ya shigo da wata takarda a hannu, idonsa yana ƙyalli. Zanen giwa ne da jaki, kowanne sanye da kwat, sun ja daga. Mai kanti ya faɗa masa cewa a Amurka za a yi zaɓe, ɓangare ɗaya alamarsu giwa, ɗaya jaki. Malam ya liƙa takardar a bangon zaure. Daga ran nan duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi, "Kai na giwa ne ko na jaki?"

A makon nan Baffansa ya zo daga cikin birni. Dattijo ne malami, shi ya riƙe Malam tun rasuwar mahaifinsa, yana kuma sonsa ƙwarai. Ina bayan ƙofa ina ji. Bayan gaisuwa Malam ya ce, "Baffa, ka ji labari? A Amurka giwa da jaki ne ke neman mulki. Ni dai na ce giwa za ta ci, don na ga irin tafiyarta."

Baffa ya yi salati a hankali. Sannan ya kira ni, na durƙusa daga gefe.

Ya ce, "'Yata, kin yi haƙuri, Allah ya ba ki lada. Amma abin ya wuce zaman gida. Akwai wani malami a wani ƙauye bayan Hanwa, yana karɓar irinsu. Ran Asabar za mu kai shi."

Na san abin da ake nufi. Na taɓa ganin wanda aka dawo da shi daga irin wurin nan, da tabon marin ƙarfe a idon sawunsa. Na ce, "To, Baffa," don ba a ce wa Baffa a'a. Da ya tafi na tura aka kira mini matar mai kanti. Mace ce mai jiki, mai yawan dariya, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Na faɗa mata. Ta tafa hannu ta ce, "Amma maganar giwa gaskiya ce! Duk abin da ya faɗa wata shida, ita kaɗai ce ta gaskiya, ita kuma za ta kai shi mari?"

Washegari mijinta ya ɗauki jarida ya tafi har cikin birni ya nuna wa Baffa. Baffa ya duba zanen, ya juya shi, ya mayar masa ya ce, "To, su ma can ya kamata a duba su." Amma bai janye maganar Asabar ba.

Ran Alhamis da hantsi duba-gari ya yi sallama. A lokacin ba wanda ke murna da zuwansu. Sukan shigo da kakinsu da dogon ludayi, su leƙa randa su ga ko 'ya'yan sauro sun yi, su duba masai da kwata. Wannan dattijo ne mai furfura, ba mai tsawa ba. Ya gama da randunana, zai fita, sai ya ga Malam a jingine da gwanda, bakinsa a buɗe, rana ta kai masa har gwiwa bai motsa ba.

Ya ce, "Baiwar Allah, maigidan ba shi da lafiya ne?"

Na ce, "Barci yake."

"Kullum haka yake yi?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ya ajiye ludayinsa ya tsuguna, ya sa yatsu biyu a bayan wuyan Malam, ƙasa da kunne, yana lalube a hankali. Ya ce in matso in taɓa. Na ji wasu ƙulli-ƙulli a ƙarƙashin fata, kamar gyaɗa.

Ya ce, "Kaluluwa ce. Ya taɓa zama a kurmi, kusa da rafi?"

Na ce, "Wata biyu, bara da rani."

Ya gyaɗa kai. Ya ce kafin ya zama duba-gari ya yi shekaru yana bin ƙauyuka da masu yaƙi da cutar barci, aikinsa ke nan taɓa wuyan mutane. Ƙudan tsando, mai cizon nan kamar allura, shi ke kawo ta. In ta daɗe a jiki sai ta hau kai, mutum ya sake hali, a ɗauka hauka ce. Ya ce, "Ban ce na tabbatar ba, sai an duba. Amma kada a kai shi ko'ina sai asibiti ta gan shi. Wa ke da magana a kansa?"

Na ce Baffansa ne, sai duba-garin da kansa ya je wurin Baffa bayan sallar Juma'a. An ce mini bai yi masa gardama ba. Cewa ya yi, "Allah gafarta Malam, a ci gaba da rubutu yana sha, mu kuma a ba mu dama mu duba. In ba mu ga komai ba, ƙauyen yana nan." Baffa ya ce wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, bai kuma ce ta hannu ɗaya zai bi ba.

A asibiti suka tsotsi ruwa daga kaluluwar, suka ɗebi wani daga gadon bayansa. Malamin asibitin ya kira Baffa ya leƙa cikin madubin likita. Ni ban gani ba, amma Baffa ya faɗa mini da bakinsa: wani abu kamar guntun zare, yana wutsil-wutsil a cikin ɗigon ruwa. Ya ce ya daɗe yana kallo, har aka ce masa akwai masu jira.

Aka kwantar da shi, aka fara allurai. Masu zafi ne, yakan yi amai, wani lokaci jikinsa ya ɗau rawa har in ce ba zai tashi ba. Kullum matar mai kanti ke raka ni kai abinci. Muna tafe tana ba ni labarin da ta ji wurin mijinta, wai a Amurka mata ma suna jefa ƙuri'a, amma baƙaƙen fata a wasu sassan ana tare musu hanya. Na ce, "Ashe ko'ina akwai wanda ake bari a bayan ƙofa." Gero ya nuna a gonakin bakin hanya, tsuntsaye suna tashi tare suna sauka tare, ni kuma ina tafiya kamar ba ƙafata ke taka ƙasa ba.

Wata safiya na tarar da shi a zaune, ya wanke fuska da kansa. Ya dube ni sosai ya ce, "Kin rame. Wa ke kula da zaure?" Ran nan mai kanti ya ba ni saƙo in faɗa masa giwa ta ci. Na faɗa masa ina dariya.

Ya ce, "Wace giwa?"

Bai tuna ba. Bai tuna rafin ƙarƙashin zaure ba, bai tuna gauraka ba. Na yi ta godiya ga Allah, amma a hanyar gida sai kewa ta kama ni, na kasa faɗa wa kowa, don wa zai gane matar da mijinta ya warke tana kewar mafarkinsa?

Ya dawo gida ba kamar da ba. Idonsa ya rage gani, hannunsa na dama yana ɗan karkarwa. Ya bar ƙofofi da kabad, ya koma alluna da kujerun mata. Da ya ji ana sare kurmin bakin rafuka don a kori ƙudan, har wasu na cewa a harbe namun dajin tunda jininsu yake sha, sai ya ajiye allon da yake gogewa. Can ya ce, "A ceci mutane, wannan dole ne. Amma mazo bai cije ni ba."

Akwai wani mutum a gefen kasuwa, 'yan'uwansa sun ɗaure shi a turke a wata rumfa, don yakan bi mutane da dutse. Da Malam ya sami ƙarfi sai ya nufi can. Ya zauna kusa da shi har mutumin ya saba, sannan ya roƙe shi ya bar shi ya taɓa wuyansa. Bai ji komai ba. Ya je ya ɗauko duba-garin, shi ma ya lalube, har ya sa aka duba jininsa. Duba-garin ya ce, "Malam, ba kowace hauka ce ke da ƙuda ba. Wannan ban san maganinsa ba."

Malam ya dawo ranar bai ci abinci ba. Da safe na ji zarto. Gadon katako ya yi, gajere, don mutumin ya bar kwanan ƙasa, ya kuma ce in ba shi tsohon zane ya naɗe marin inda yake cin fata. Daga nan duk Juma'a sai in dama fura a ƙwarya biyu, ya ɗauka ya tafi. Na tambaye shi me suke cewa in sun zauna. Ya ce mutumin ne ke magana, shi saurare kawai yake yi, wani lokaci har la'asar.