Ƙwanƙwasa a Ƙarƙashin Motar Gawa

Cikin duk shekarun da na yi ina kanikanci a Gwarzo, ranar da ba ta fita raina ita ce wata Laraba da damina, bayan azahar. Ku da kuke raina ƙara a mota, ku buɗe kunne.

Wata tsohuwar bas ce ta tsaya a bakin garejina, ta wata ƙungiyar masallaci da ke ɗaukar gawa. Direbanta, Malam Sule, ya fito gumi sharkaf. Gawar wani dattijo suka ɗauko daga asibiti za su kai wani ƙauye a wajen Gude. An riga an haƙa kabari, ga hadari ya haɗo.

"Wallahi ba zan ƙara gaba ba," in ji Malam Sule. "Mamacin nan ƙwanƙwasa min mota yake yi."

Babban ɗan mamacin, Alhaji Bala, ya kama hannuna. "Malam, ka taimaka. Kada Baba ya kwana a hanya."

Raina ya ɓaci da shirmen direban, amma na ce ya tayar. Yana saka giya na ji ƙwas! daga ƙasa. Na ce, "Haba Malam Sule, wane mamaci? Kuros ne."

Ga wanda bai sani ba, farfela doguwar sandar ƙarfe ce da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Kowane bakinta akwai kuros, wata gaɓa mai kai huɗu, ita ke barin sandar ta ci gaba da juyawa ko mota na hawa da sauka a gargada. A cikin kofunan kuros akwai ƙananan allurai, abincinsu giris.

Ba a sauke gawar ba. Haka na shiga ƙarƙashi, ƙarfen daɓen mota kawai tsakanina da makara. Na girgiza farfelar, tana lilo. Na leƙo na tambayi Malam Sule yadda yake wanke motar. Ashe duk gawar da ya ɗauka, ba ya samun natsuwa sai ya shiga da motar rafi ya wanke ta ciki da bai. Ruwa ya cinye giris ɗin tas, bai taɓa sa an ɗura wani ba.

Na yi alama da alli don in mayar da farfelar yadda take, domin in an juya ta mota karkarwa za ta yi. Na kwance ta, na ajiye a gefena. Injin a kashe, kowa yana waje. Ina shirin canza kuros na baya kaɗai, don shi na ga yana lilo, sai na ji ƙwas, ƙwas, daidai saman goshina.

Tsoro na ji, ba na ɓoye muku. Na ce ko ƙarfe ne ke hucewa, amma sai na tarar hannuna ya kai ga kuros na gaba. Ina murɗa shi ya rabe biyu, allurai sun zama garin tsatsa. Da sun hau titi da gudu, bakin farfelar zai faɗo ya caki ƙasa, ya kifar da su duka.

Na canza duka biyun, na ɗura giris. Da na nuna wa Alhaji Bala gutsattsarin, ya daɗe yana kallo, idonsa ya kawo ruwa.

"Baba tsohon direba ne," ya ce. "Bai taɓa yarda ya hau hanya da mota mai ƙara ba."

Sun binne shi kafin ruwa ya sauko. Ni dai tun ranar ban ƙara yi wa direba dariya ba. In mota ta ƙwanƙwasa, ku shiga ƙarƙashi ku duba baki biyun, ko wane ne ya ƙwanƙwasa.